DARASI: NAUYIN DA TAYA KE ƊAUKA DA AWON ISKARTA A HANYAR DAJI

 Darasinmu na wannan karo a kan taya yake. Wani zai ce mene ne haɗin falken shanu da taya, ai wannan aikin direba ne da mai faci. To, gaskiya ne aikinsu ne, amma ran da taya ta fashe a tsakar daji, dukiyar da ke kwance a gefen hanya tamu ce ko ta waɗanda suka ba mu amana. Ga shi kuma layyar 2025 ta faɗo a farkon watan Yuni, kowace shekara kuma tana ja da baya da kamar kwana 11. Ke nan shekarun da ke biye jigilar raguna za ta riƙa faɗawa cikin Mayu da Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a Maraɗi, Tawa da Damagaram. Babu lokacin da taya ke shan wuya kamar wannan.

Abin da muke so kowa ya riƙe shi ne: iska ce ke ɗaukar kaya, roba mazubinta ce kawai. Wanda ya gane wannan, sauran darasin ba zai yi mishi wuya ba.

Abin da ya same mu

Wata shekara, ana saura kwana kaɗan layya, muka sayo raguna a ƙauyukan arewa da Dakoro, muka loda su a kat-kat mai buɗaɗɗen baya. Rairayi ya yi yawa, sai direba ya sassauta iskar tayoyi, kuma daidai ya yi, don da bai yi haka ba da mun kwana muna tono. Da muka hau kwalta muka tarar injin mai faci ya lalace. Muka ce a jira. Direba ya zagaya mota, ya doki tayoyi da ƙarfe, ya ce: "Alhaji, ba komai, za su kai mu Maraɗi." Mu ma ɗin muna son mu riski kasuwa, sai muka yi shiru. Ba mu yi tafiyar awa ɗaya ba tayar baya ta tashi, mota ta gangara rami. Allah ya tsare rai, amma yaronmu ya karye a hannu, raguna uku a nan gefen hanya muka yanka su. Biyu daga ciki ba namu ba ne, na wata tsohuwa ne da ta shekara tana kiwonsu. Muka biya ta daga aljihunmu.

Tayar nan sabuwa ce, ba ta yi wata uku ba. Ba ƙusa ta taka ba, ba dutse ta daka ba. Iskar rairayi muka hau kwalta da ita, shi ke nan laifinta.

1. Karatun da ke jikin taya

Kowace taya tana da rubutu a gefenta. Yawancinmu girman kawai muke dubawa, mu ce a ba mu 16 ko 22 da rabi. Amma bayan girman akwai wata lamba da harafi, misali 235/85R16 120/116Q, ko a babbar mota 315/80R22.5 156/150L. Wannan lambar ta ƙarshe ita ce lambar nauyi. Ba kilo ba ce kai tsaye, tana da fassara, kuma fassarar ɗaya ce ga kowane kamfani. Ga waɗanda suka fi shafarmu:

Lamba 100: kilo 800
Lamba 104: kilo 900
Lamba 108: kilo 1,000
Lamba 112: kilo 1,120
Lamba 116: kilo 1,250
Lamba 120: kilo 1,400
Lamba 122: kilo 1,500
Lamba 148: kilo 3,150
Lamba 150: kilo 3,350
Lamba 152: kilo 3,550
Lamba 156: kilo 4,000

In an ga lamba biyu da sanda a tsakani, ta farko ta taya ce in tana ita kaɗai a ƙafa, ta biyu kuma in an haɗa ta tagwaye kamar a bayan kamiyo. Ta tagwaye kullum ta fi ƙanƙanta, saboda hanya ba ta shafe ba ce, sau da yawa ɗaya kan ɗauki fiye da rabonta, ga kuma zafi da ke taruwa a tsakaninsu.

Harafin da ke biye na gudu ne: J kilomita 100 a awa, K 110, L 120, M 130, Q 160. Wannan iyaka ce, ba umurni ba ne a yi gudun.

Akwai kuma rubutun PR, wanda masu taya ke kira fulai: 6PR, 8PR, 10PR, a manyan motoci har 18PR da 20PR. A da ƙirgen shimfiɗun zaren da ke cikin taya ne. Yau alama ce kawai ta ƙarfin gangar jikinta, wato yawan iskar da za ta iya riƙewa. Tayoyin da aka yi wa rubutu irin na Amurka harafi suke sawa: C shi ne 6PR, D 8PR, E 10PR.

Sannan mu lura da haruffan LT ko C a jikin girman taya, su ne alamar tayar ɗaukar kaya. A ƙananan motoci, tayar da ba ta da su galibi ta motar shiga ce, ko da girmansu ɗaya kuma zanenta ya yi kama da na daji. In dole ta sa aka ɗaura irinta a motar kaya, ƙa'ida ita ce a rage kusan kashi 10 cikin 100 daga nauyin da aka rubuta mata. Ke nan mai lamba 104 ta tashi daga kilo 900 ta koma wajen 820.

2. Lambar nauyi tana da sharaɗi

Nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Nauyin da aka rubuta a taya ba ya tabbata sai an cika mata iskar da aka rubuta kusa da shi, kuma a auna tana sanyi. Mu ɗauki 235/85R16 mai 10PR, wadda ake yawan sa wa Land Cruiser a madadin 7.50R16. Ga abin da taya ɗaya ke ɗauka a kan kwalta:

Bar 5 da rabi: kimanin kilo 1,380
Bar 4 da rabi: kimanin kilo 1,190
Bar 3 da rabi: kimanin kilo 1,000
Bar 2 da rabi: bai kai kilo 800 ba

Kun gani, taya ɗaya ce, amma tsakanin sama da ƙasa an yi asarar wajen kilo 600, nauyin babban bijimi da ɗan maraƙi. Wani abin kuma: mai 10PR in an ba ta bar 3 da rabi, ba ta fi mai 6PR ɗaukar kaya ba, don ita ma mai 6PR kilo 1,000 take ɗauka a wannan awon. Wanda ya kashe kuɗi ya sayi mai ƙarfi amma ya hana ta iska, ƙarin kuɗin nashi ya saya mishi kaurin roba ne kawai.

Dalilin fashewa kuwa shi ne zafi. Taya mai ƙarancin iska tana lanƙwashewa a duk juyi ɗaya. Ku tuna yadda waya ke yin zafi in ana lanƙwasa ta gaba da baya har ta katse. Haka wayoyi da zaren cikin taya ke yi. A gudun kilomita 80, tayar kat-kat tana juyawa fiye da sau 500 a minti ɗaya. In zafi ya yi yawa roba ta saki waya, sai ka ji ƙara. Ɓarnar kuma ba ta warkewa: tayar da ta sha wannan wuya yau tana iya fashewa bayan sati biyu, ga iska cike, kowa ya ce tsautsayi ne.

3. Mu san nauyin abin da muka loda

Mu ƴan kasuwa kai muke ƙirgawa, taya kuwa kilo ta sani. Shanu 30 masu kilo 350 sun tashi kilo 10,500. Bijimai 30 masu kilo 450, irin ƙosassun Azawak ko jajayen Bororo, sun tashi 13,500. Kai ɗaya ne, mota ɗaya, amma tan 3 ne a tsakani.

Akwai kuma nauyin da ba ma sawa a lissafi. Rairayin da ake shimfiɗawa a cikin tirela don kada shanu su zame: in bodi ya kai mita 12 a tsawo, faɗi kusan mita 2 da rabi, aka zuba kaurin santimita 5 kawai, an ɗora fiye da tan 2, in ya jiƙe da fitsari kuma ya ƙaru. Duro ɗaya na ruwa kilo 200 ne ban da nauyin duron. Ga itatuwan da ake gittawa, ga buhunan dusa, ga yaran da ke zaune a sama. Sannan bisa ba buhu ba ce, tana motsi. A kwana ko gangare duk sai su jingina gefe ɗaya, tayoyin wannan gefe su ɗauki abin da ya wuce rabonsu. Don haka ne muke cewa a bar sarari, kada lissafi ya zo cif da lambar taya. A ƙara aƙalla kashi 10 zuwa 15 cikin 100 a kan abin da aka lissafa.

Ga misali da kat-kat. Mu ƙaddara bayanta ba kaya yana da kilo 1,000. Muka sa raguna 10 masu kilo 60, jarkokin ruwa 4 masu lita 25, buhun dusa 2 masu kilo 50, da yara biyu. Kaya sun kai wajen kilo 930, kuma kusan duka a ƙafafun baya suke zama. Jimla 1,930, a raba biyu, kowace taya 965. In an bar sarari, sai mu ce 1,100. Tayar motar shiga mai lamba 104 ta faɗi tun nan. Mai lamba 120 ta isa, amma sai da iskar da ta kai bar 4 a kan kwalta. Ba mu ce a zarce abin da rim zai iya riƙewa ba, kuma babbar taya ba ta ƙara wa mota ƙarfin sifirin da birki. Akwai ɗan faranti a jikin ƙofa ko gaban injin da ke faɗin iyakar nauyin mota, galibin irin waɗannan motoci kayansu bai wuce tan ɗaya da ƴan kai ba.

Ga manyan motoci akwai doka. Ƙa'ida mai lamba 14 da ƙungiyar UEMOA ta zartar a 2005 ta ƙayyade tan 6 ga ƙafafun gaba, tan 12 ga layi ɗaya na baya mai tayoyi tagwaye. Tayoyi huɗu masu lamba 150 suna ɗaukar kilo 13,400, ke nan sun isa tan 12 da ɗan sarari, in iskarsu ta cika, wato bar 8 da rabi zuwa 9 gwargwadon abin da kamfani ya rubuta. Amma in ta ciki ta sace ba a sani ba, ta waje ita kaɗai ke ɗauke da tan 6, alhali iyakarta bai kai tan 3 da rabi ba. Duk inda aka wuce sikelin motoci, mu riƙa karɓar takardar muna dubawa, kada mu ɗauke ta takardar tara kawai. Ita ce ke gaya mana gaskiyar lodinmu.

4. Bar, kilo da awon Nijeriya

Masu faci na wajenmu da bar suke awo, wasu su ce kilo, kusan abu ɗaya ne. Wanda ya taɓa kai kaya Maigatari ko Mai'aduwa ya san can lamba daban suke kira, su ce 50 ko 65. Awon nasu shi ne wanda ake rubuta PSI a jikin taya. Bar 1 daidai yake da 14 da rabi nasu. Bar 2 shi ne 29, bar 3 da rabi kusan 50, bar 4 da rabi 65, bar 5 da rabi 80, bar 8 da rabi kusan 123. In kuma an ga kPa, a raba da 100: 450 kPa shi ne bar 4 da rabi. A rubuta wannan a ƴar takarda a manna cikin mota.

Dukan taya da ƙarfe ko shuri da ƙafa ba awo ba ne. Yana nuna tayar da ta sace gaba ɗaya, amma ba ya bambanta bar 4 da bar 3. Tayar zamani mai waya ma ko da iskarta ta cika takan ɗan yi tumbi a ƙasa, ido ba ya raba gardama. Ma'aunin iska na hannu kuɗinshi bai kai na ɗan akuya ba. Kowace mota ta samu nata, don na masu faci da yawa sun gaji.

5. Kowace hanya da iskarta

Wannan sashe na kat-kat ne da ƙananan motocin kaya. Abin da muka gwada ne a hanyoyinmu, kowa ya daidaita da motarshi da lodinshi.

Kwalta: cikakkiyar iska gwargwadon lodi. A auna da asuba kafin mota ta motsa, ko bayan ta huta awa uku a inuwa. In an yi tafiya aka auna aka ga iska ta hau, wannan al'ada ce, kada a sace ta. Wanda ya rage iskar taya mai zafi ya ƙara mata lanƙwasa, lanƙwasa ta ƙara zafi.

Burji da hanya mai gargada: a rage kamar kashi ɗaya cikin biyar, a kuma rage gudu, kada a wuce 60. Taya mai tauri ƙwarai tana tsalle a gargada, birki ba ya kamawa sosai, tsakuwa tana saran ta, bisashe kuma suna jigata har wasu su kwanta a tattake su.

Rairayi, irin na wajen Barmo, Tanut ko arewacin Abalak: in mota ba kaya, bar 1 da rabi ko ƙasa kaɗan. In da lodi, ƙafafun baya kada su sauka ƙasa da bar 2 sai dole. Rage iska yana tsawaita tafin taya a ƙasa, sai ta hau kan rairayi maimakon ta tona shi, kamar yadda tafin raƙumi ke bajewa. Sharaɗi shi ne tafiyar sannu, 25 zuwa 30, ba kwana mai kaifi, ba birki na farat ɗaya. In mota ta kafe ana iya sauka har bar 1 don a fita, da an fita a mayar. Mai tiyub in iska ta yi ƙasa sosai taya na iya zamewa a kan rim ta tsinke bawul. Marar tiyub kuma bakinta na iya ɓallewa daga rim a kwana.

Wurin duwatsu, kututture da ƙayar aduwa ko bagaruwa: a rage kaɗan kawai. In an rage da yawa gefen taya yana bultsowa, nan ne kuma fatarta ta fi rauni, raunin gefe kuwa faci ba ya riƙe shi.

Taɓon damina: in akwai ƙasa mai tauri a ƙarƙashi, ragi kaɗan ya isa. In fadama ce mai zurfi, a sauka a taka da sanda tukuna.

Kamiyo da tirela masu tagwayen taya ba a yi musu wannan wasa. In an rage musu iska da lodi, tagwayen suna goga juna su yi zafi su lalace tare. Shawararmu a tsayar da babbar mota inda ƙasa ke da ƙarfi, a koro shanu da ƙafa zuwa wurinta. Ladan makiyaya na kwana ɗaya bai kai kuɗin taya ɗaya ba.

6. Bakin kwalta

Duk darasin nan a wannan wuri yake ƙullewa. Wanda zai rage iska a rairayi, ya tanadi abin da zai mayar da ita kafin ya rage. Akwai ƙaramin injin iska mai aiki da batirin mota, akwai famfon ƙafa. In babu ko ɗaya, a bi kwalta a hankali, kada a wuce gudun da aka yi a rairayi, har a kai wurin mai faci na farko. Minti 20 na cika iska ba ya sa a rasa kasuwa. Kuma mu masu kaya mu daina matsa wa direbobi. Sau da yawa direba ya san daidai, tsoron fushin maigida ne ke sa shi ya taka. A labarin da muka ba ku, shirun da muka yi shi ne rabin laifin.

7. Wajen saye da wajen ɗaurawa

A nemi rubutun DOT a gefen taya, a duba lambobi huɗu na ƙarshe. Biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin sati na 23 a 2019. In lambobi uku ne kawai, an yi ta kafin 2000, a bar musu abinsu. Manyan kamfanonin taya suna cewa in ta shekara 5 a riƙa duba ta kowace shekara, in ta kai 10 a cire ko da zane bai cinye ba. A zafinmu sau da yawa ba ta kaiwa haka. Tayoyin gwanjo da ke zuwa daga Turai wasu na lokacin sanyi ne, masu hoton dutse da ƙanƙara, robarsu mai laushi ce, kwaltar Afrilu tana cinye ta da wuri. Araha ba ta ado.

Kada a haɗa mai waya da mai zare a layi ɗaya. Tagwaye su zama girma ɗaya, iska ɗaya, cinyewa ɗaya. In tsayinsu ya bambanta da fiye da milimita 6, babbar ce za ta ɗauki fiye da rabonta na kaya. Safaya ma a auna ta, lambar nauyinta kada ta gaza ta sauran. Murfin bawul ƙaramin abu ne, amma shi ke hana rairayi shiga.

Tayar babbar mota da aka yi tafiya da ita iskarta ta ragu da kashi ɗaya cikin biyar ko fiye, kada a cika ta haka nan. A cire ta a duba ciki, don wayoyin gefe kan gaji su yage gaba ɗaya ana cikin ba ta iska. Haka rim mai zobe, irin na 7.50R16 da 12.00R20: in zoben bai zauna daidai ba yana tashi da ƙarfin da ke kashe mutum. Kada kowa ya tsaya ko ya zauna a gabanshi lokacin da ake ba da iska, musamman yaranmu masu son leƙe.

A taƙaice, kafin mota ta tashi daga kasuwa mu tambayi kanmu abu huɗu: kilo nawa muka loda, lamba nawa ke jikin taya, bar nawa ke cikinta, kuma da me za mu cika ta in mun fito rairayi. Muna roƙon shugabannin rassa su karanta wa waɗanda ba su iya boko ba wannan darasi a taron wata, a kira direbobi da yaran mota su ma su ji.

Allah ya tsare mana hanya, ya sa albarka a kasuwa, ya ba mu ikon sauke amanar mutane.